Tambayi Bakanike: An sace motar maƙwabcina da makullin birki a jikinta

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ƙarfen nan da ake kulle birki ko kuloci da shi idan an ajiye mota. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce za ta fi cin fili, domin amsarta ta shafi sauran.

TAMBAYA: Malam Bakanike, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune a Ketu. Gidan da nake haya ba shi da fili, don haka Camry ɗina ta 2010, atomatik, a bakin titi take kwana. Makon jiya aka sace Corolla ta maƙwabcina, alhali kullum sai ya sa mata makullin birki. Da gari ya waye sai ga makullin a yashe a bakin kwata, yana nan a kulle, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Irin nasa nake da shi, kuma a gosulo na saya. Shin asarar kuɗi muka yi? In akwai yadda za a ƙara masa ƙarfi, a taimaka mana.
Alhaji, daga Ketu

AMSA: Alhaji, Allah Ya mayar wa maƙwabcinka da mafi alheri, Ya kuma tsare maka taka. Makullin nan da aka tsinta a kwata ya riga ya faɗi abin da ya faru. Tunda a kulle yake, ba a buɗe shi da mabuɗi ba. Tunda babu yanka a jikinsa, ba a sa masa zarto ba. Zare shi aka yi. Wannan kuwa shi ne ciwon da na fi gani a motocin da ake kawo mini gareji a Agege. Mutum zai ɗaga makulli ya ji nauyi a hannu, ya ce lallai wannan ƙarfe ne na gaske, ya biya kuɗi ya tafi. Ba zai durƙusa ko sau ɗaya ya duba yadda ƙarfen ya zauna a kan fedar motarsa ba, alhali can ne ɓarawo yake fara dubawa.

Ba ka faɗi irin naku ba, amma guda uku ne suka fi yawa a Legas. Akwai doguwar sanda mai ƙugiya biyu, ɗaya ta kama sitiyari ɗaya ta kama birki. Akwai mai tokare, wanda ke riƙe hannun feda ya dogare da ƙasan mota don kada birki ya sauka. Sai mai kama da akwati, da ke haɗe birki da kuloci wuri ɗaya a motar manuwal.

Mai ƙugiya biyun shi masu talla suka fi yawo da shi a gosulo, kuma shi ne na fi rashin yarda da shi. Sandar tana iya yin ƙarfi, amma a jikin me ta rataya? Da'irar sitiyari siririn ƙarfe ne da aka lulluɓe da roba, kuma da gangan aka yi shi haka, don ya lanƙwashe a lokacin haɗari maimakon ya fasa ƙirjin direba. Ƙofar ƙarfe ke nan a jikin dangar kara. Da zarar sitiyarin ya ba da hanya, sandar za ta fito cikakkiya a kulle, kamar dai wadda kuka tsinta. In irin wannan ce taka, kada ka dogara da ita ita kaɗai.

In kuma mai tokare ne, ga gwajin da nake so ka yi yau da yamma. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka ja birkin ajiya, ka sa makullin yadda ka saba. Ka sa yaro ya tsaya a bayan mota yana kallon jajayen fitilu, kai kuma ka taka birki da iyakar ƙarfinka. Idan fitilun suka kama, makullin bai yi aikinsa ba. Dalili kuwa, motar atomatik ba ta barin giya ta fita daga P sai an taka birki, kuma abin da ke sanar da ita an taka shi ne ɗan ƙaramin makunnin da ke kunna waɗannan fitilun. Motsi kaɗan ya ishe shi. Bayan haka ka durƙusa ka kama makullin da hannu biyu ka girgiza shi sama da ƙasa, hagu da dama. Idan yatsanka na shiga tsakanin muƙamuƙinsa da hannun fedar, ko kuma gindinsa na zamewa, to ɓarawo ma zai gane haka cikin duhu.

Yawancin zamewar nan tabarmar roba ce ke jawo ta. Ka janye tabarmar, gindin makullin ya zauna a kan ƙasan motar mai tauri. Ka kuma lura da kishiyar wannan: makullin da ya danne birki ƙasa maimakon ya tokare shi sama zai bar fitilun baya a kunne har asuba, ka tashi ka tarar batir ya mutu.

Akwai wani abu da masu atomatik da yawa ba su sani ba. Kusa da sandar giya akwai ɗan ƙaramin murfi da kamfani ya sa domin a iya fitar da giya daga P idan batir ya mutu za a ja motar. Yana cikin littafin da ke zuwa da mota, ba sirri ba ne, kuma ɓarayi sun san da shi. Saboda haka a mota irin taka ina ba da shawarar a haɗa makullin birki da makullin giya, wanda ake ɗaure gindinsa da noti a ƙasan mota. Mabuɗai biyu daban, a wurare biyu daban, aiki biyu ke nan ga mai son ɗauka.

Yanzu ga hanyar ƙara ƙarfi da na fi amincewa da ita, kuma kuɗinta bai kai yadda ake zato ba. Ka kai motar wurin mai walda da ya iya aiki, ya auna fedarka, ya ƙera maka akwatin ƙarfe daidai da ita, da faranti mai kaurin milimita 5 ko 6, wanda zai rufe fedar gaba ɗaya ya sauka har ƙasa. A jikin akwatin ya yi wa kwaɗo ɗan ɗaki, ta yadda wuyan kwaɗon zai ɓuya ciki, almakashin ƙarfe ba zai samu wurin cizo ba. Bakin mabuɗin ya kalli ƙasa ko gefen da hannu kawai ke iya kaiwa, kada ya kalli kujera inda za a samu sararin sa guduma ko injin huda. Abin da aka auna da motarka ya fi wanda aka rubuta wa "yana shiga kowace mota", domin kafin ƙarfe ya shiga kowace mota sai an bar masa sarari, kuma ta wannan sararin ake zare shi.

Amma da sharuɗɗa, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da su. Kada mai walda ya taɓa fedar kanta, ba walda ba huda, domin ranka da na iyalinka a kan wannan ƙarfen suke a titin Ikorodu. Aikin walda a yi shi a waje, ba a cikin mota ba. Kada a huda ƙasan mota sai bakanike ya leƙa ya tabbatar bututun man birki da na fetur da wayoyi ba su bi ta wurin ba. Kada kuma a yi walda a jikin kwaɗon ko a kan taurararren ƙarfen makullin da ka saya, saboda zafin wuta yana kashe taurinsa ya mayar da shi ƙarfen banza.

Da yake na ambaci tauri, in za ka sayi na kanti, a Ladipo ko wani wuri, ka tafi da ƙaramin zarton goge ƙarfe a aljihu, ka nemi izinin mai kaya ka ɗan goga a gefen da ba a gani. A kan ƙarfen da aka taurara zarto santsi yake yi ya wuce. A kan mai laushi kuwa nan take zai ci ya bar zane. Mai kaya mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Sai mabuɗi. Ka guji mai zagayen baki kamar bututu idan na arha ne. A 2004 an yi ta surutu a Amurka bayan an nuna ana buɗe makullan kekuna masu irin wannan mabuɗi da bututun biro, har kamfanin Kryptonite ya riƙa musanya wa mutane nasu kyauta. Wanda na fi so shi ne mai faifai a ciki, wanda wani mutumin ƙasar Finlan, Emil Henriksson, ya ƙirƙiro a 1907, asalin makullan Abloy ke nan. Faifan ba sa dogara da ƙananan sifirin, don haka ƙura da laimar Legas ba sa saurin kashe shi, kuma buɗe shi ba da mabuɗinsa ba yana da wuya. Shi ma akwai jabunsa a kasuwa, sai an lura. A Ingila akwai hukumar gwajin makullai mai suna Sold Secure, tana ba da daraja irin su azurfa da zinariya da lu'ulu'u. In ka ga tambarinta a kwali kada ka tsaya nan, ka buɗe shafinta na intanet a wayarka ka nemi sunan makullin a jerinsu, domin buga tambari a kwali ba ya yi wa kowa wahala.

Mabuɗin nan kuma kada ya zauna a zobe ɗaya da na mota. Wurin wankin mota, gareji, mai gyaran esi, duk inda za ka bar mota, ka ba da mabuɗin mota kawai. Ni kaina idan aka miƙo mini su a haɗe nakan cire na makullin in mayar wa mai shi. Kwafar mabuɗi aikin 'yan mintoci ne.

Babu makullin da injin yankan ƙarfe mai batir ba zai ci ba idan an ba shi lokaci. Sai dai wanda ya zo satar mota a ajiye abu biyu yake tsoro, daɗewa da ƙara. Ƙarƙashin sitiyari wuri ne matsattse mai duhu, dole ya kwanta da rabin jikinsa a waje, ga tartsatsin wuta a kan kafet, ga ƙarar da za ta tashi maigadin layi. Nan makullin birki ya fi na sitiyari. Inda ya gaza shi ne ba a hango shi daga waje, sai an fasa gilashi ko an lalata ƙofa tukuna. Don haka ka ƙara da wani abu mai launin rawaya ko ja a kan sitiyari, mafi kyau irin wanda ke rufe da'irar gaba ɗaya, don mai leƙe ya gani ya wuce tun kafin ya yi maka ɓarna.

TAMBAYA: Motata Lexus RX 350 ce mai maɓallin tayarwa. Ɗana ya ce irin waɗannan kwamfuta ke tsaronsu, sa musu ƙarfe ƙauyanci ne. Ni kuma gwiwa tana damuna, durƙusawa ƙarƙashin sitiyari safe da yamma ba zai yiwu mini ba. Me ka gani?
Hajiya, daga Idi-Araba

AMSA: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ɗanki yana da gaskiya ta wani gefe. Na'urar da ke hana inji tashi sai ta gane ainihin mabuɗinsa ta rage satar mota ƙwarai, shi ya sa Ingila ta wajabta ta a sababbin motoci tun 1998, Kanada kuma a 2007. Amurka, inda tokumbo da yawa na Legas suke fitowa, ba ta wajabta ba. Abin da ya biyo baya sananne ne: motocin Hyundai da Kia da yawa na tsakanin 2011 da 2021 masu mabuɗin murɗawa sun fito babu ita, matasa suka yi ta kwasarsu, har kamfanonin biyu suka riƙa raba makullan sitiyari kyauta ta hannun 'yan sanda. Duk mai irin waɗannan motoci da ke karanta mu, ya sa mai wayarin ya duba masa.

Taki tana da na'urar, amma ɓarayin yanzu sun koyi yi wa kwamfutar kanta dabara. Akwai masu kayan da ke janyo siginar mabuɗin da ke rataye a falo su kai ta jikin motar da ke waje, motar ta ɗauka mai ita ce ta zo. A Kanada, Lexus RX da Toyota Highlander da Honda CR-V suna cikin motocin da aka fi sacewa a 'yan shekarun nan, duk da sababbi ne masu kwamfuta. Wanda ya zo da irin wannan shiri da na'ura ya zo, yana sa ran ya shiga ya tayar ya wuce shiru. A mota mai maɓalli kuwa inji ba ya tashi sai an taka birki. Idan birki ya ƙi motsi, na'urarsa ta buɗe masa ƙofa kawai. Ki gaya wa ɗanki a irin motarki makullin birki ya fi amfani fiye da a tsohuwar mota.

Game da gwiwa, akwai irin da ake ɗaurewa dindindin a ƙarƙashin sitiyari, daga zaune za ki ja hannunsa ya kulle, ki buɗe da mabuɗi. Ya dace da ke, amma ina jin tsoronsa idan ya faɗa hannun wanda bai ƙware ba, domin ƙarfe ne da zai zauna kusa da birki har lokacin da mota ke gudu. Duk wanda zai ɗaura miki, ya nuna miki a gabanki cewa a buɗe fedar na sauka har ƙarshe ba ta goga komai, kuma makullin ba zai iya faɗawa da kansa ba idan an shiga rami. A riƙa duba notocinsa duk lokacin da aka je juyen mai. In ba ki samu wanda hankalinki ya kwanta da shi ba, ki ɗauki mai rufe sitiyari, sai dai yana da nauyi, ki ɗaga shi a kanti ki ji tukuna. Da dare kuma ki riƙa sa mabuɗin motar, har da na ajiya, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi, nesa da ƙofar gida. Ki gwada: ki je jikin motar da gwangwanin a rufe, in ƙofa ta ƙi buɗewa to ya yi.

TAMBAYA: Oga, bayan ruwan da ya cika layinmu ya shiga motata, mabuɗin makullin ya fara cijewa. Na ɗiga masa baƙin mai, ya yi kwana biyu ya koma gidan jiya.
Direban tasi, daga Ajah

AMSA: Ƙanena, baƙin mai yana kama ƙura da yashi ya zama laka a cikin makulli. Ka fesa masa maganin tsatsa irin na gwangwani, ka yi ta sa mabuɗi kana cirewa kana gogewa har dattin ya daina fitowa, ka bar shi ya bushe sarai a rana. Sannan ka sa masa garin girafayit ko busasshen man makulli, kada ka haɗa su da mai. Ku da ke gefen Ajah da Lekki iskar teku mai gishiri ma tana cin ƙarfe ko ba ambaliya, don haka ka riƙa yin haka kafin damina da bayanta. In ya ci gaba da cijewa ka jefar da shi ka sayi wani, kafin ranar da zai ƙi buɗewa da asuba fasinja na jiranka, ko mabuɗin ya karye a ciki.

TAMBAYA: Ni 'yan fashi nake tsoro, masu tare mutum a ƙofar gida da bindiga. Makullin zai taimaka? Kuma ina da inshora ta naira 15,000, za su biya ni in an sace?
Malam, daga Alaba Rago

AMSA: Malam, Allah Ya kiyaye. A wannan halin makulli ba shi da wani amfani, domin motar a kunne take kana ciki. In har ta kai ga haka, ka miƙa mabuɗi, ka fito da yara in suna ciki, kada ka yi gardama, kada ka bi su. Haka nan makullin ba ya hana a ɗauke mota da janwe, ba ya kuma hana masu kwance madubi da batir da indomi, wato abin tace hayaƙi da ke jikin salansa. Aikinsa ɗaya ne, motar da aka ajiye aka tafi.

Abin da ke taimakawa bayan an tafi da mota shi ne tiraka da aka ɓoye da kyau, wadda kai da mai ɗaurawa kawai kuka san inda take, kuma kana sabunta kuɗin layinta. Da yawa sai ranar da abu ya faru suke gane layin ya daɗe da mutuwa. Idan ta nuna maka inda motar take, 'yan sanda za ka kai wa bayanin, kada ka tara 'yan'uwa ku tafi da kanku. A Legas ka kira 112 ko 767 nan take, sannan ka je caji ofis mafi kusa ka ba da rahoto a rubuce. Za su nemi lambar mota da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Ka ɗauki hotonta yau, tare da hoton takardun motar, ka ajiye a waya da kuma gida, domin takardun da ke cikin mota tare da ita suke tafiya. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar motoci ta ƙasa a intanet inda ake shigar da motar da aka sace, ita ma ka sa a shigar.

Inshorar naira 15,000 kuwa, wadda ta koma wannan farashi daga naira 5,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani a hanya take biya. Ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, ko kuma wadda aka rubuta gobara da sata a cikinta ƙarara. Ga wanda ke da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a Najeriya da ke yin ta mota. Kafin ka sa hannu ka tambaye su ko sun shardanta tiraka ko wani makulli, su rubuta maka amsar a cikin takardar.